Ruwan da Na Watsa wa Wutar Esansi

Wata biyar ban rubuta komai a nan ba. Wasu sun ce wayata ta ɓace, wasu sun ce tsufa ya kwantar da ni. Akwai ma wanda ya je gidana gaisuwar mutuwa.

Ina nan da raina. Kuma da hannun dama nake wannan rubutu, wanda na koyi riƙe alƙalami da shi a ajin yamma ina da shekara hamsin.

Ina noman shinkafa da albasa a Garou, bakin kogi. Injin ban ruwa biyu gare ni, da rumfar da nake ajiye bidon esansi, wato jarkar fetur. Bara na ce bari in sayi kwalbar kashe wuta. A kasuwar Malanville mai kayan ya nuna mini biyu, ƙarama ta hoda da babba ta ruwa. Na ɗaga kowace na ji nauyinta.

Na ce, "Wacce ta fi?"

Ya ce, "Baba, wuta ai wuta ce. Babbar ta fi auki."

Mu mutanen kogi ne. Tun muna yara, duk abin da ya kama wuta ruwa muke zuba masa. Na ɗauki babbar. Da rubutu a jikinta, na kuma iya karatu, amma ban karanta ba.

Wata Talata da hantsi na zuba wa inji esansi bai huce ba. Wuta ta tashi a bakin bido, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Na zare ƙusar kwalbar na matsa. Man ya hau kan ruwan, ya malalo da wutarsa, ya bi ƙasa ya kama hannun rigata.

Maƙwabcina Issaka, mai motar ɗaukar albasa, shi ya rugo da 'yar kwalbarsa ta hoda. Kafin in gama salati wutar ta mutu.

Mutane suka taru. Wannan ya ce a fasa ƙwai a shafa, wancan ya ce man goge haƙori. Issaka ya ce wanda ya taɓa hannun nan da wani abu, da shi zai yi. Ruwan sha mai tsabta ya yi ta zuba mini, sannan ya sa ni a mota.

A Malanville aka yi mini ƙarin ruwa, washegari aka wuce da ni Parakou.

Wankin ciwo kowace safiya. In na ji ƙarar keken magani na ma'aikaciyar jinya daga nesa, sai in cusa gefen zane a baki don kada yaran da ke ɗakin su ji tsoho yana kuka.

A mako na biyu zazzaɓi ya rufe ni. Aka ɗebi jini. Likita ya zo ya zauna bakin gadona.

"Baba, ciwon ya kama ƙwayar cuta. In bai ja da baya ba nan da kwana uku, yatsu uku za su tafi."

Na ce, "Likita, yatsun nan ba su gama aiki ba."

Ya ce, "To gaya musu su ba mu haɗin kai."

Na yi dariya a gabansa. Da ya fita na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Kwana na uku zazzaɓin ya sauka. Aka yanko fata daga cinyata aka ɗora a bayan hannun. Shanu biyu suka tafi a wannan jinya, ban yi kukansu ba.

Masu dubiya kowa ya zo sai ya ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Amma Allah bai hana ni karanta abin da ke jikin kwalba ba, ni na ƙi. Wasu suka ce in sayar da injunan in zauna gida in yi ta jan carbi. Na ce carbi na shiga aljihu, yana zuwa gona.

Da ciwon ya warke, hannun ya sandare kamar busasshen icce. Aka ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Zafin ya ishe ni, wata rana na jefar da ƙwallon. Lokacin ɗiyarmu Hadiza na da tsohon ciki, jikanmu na fari. Matata Fati ta ɗauko ƙwallon ta ajiye mini a cinya.

"Malam, in mace aka haifa, amaryarka ce. Da wane hannu za ka karɓe ta? Ko a miƙa wa Issaka?"

Na ɗauki ƙwallon.

Mace aka haifa. Lahadin da ta wuce aka yi suna. Aka miƙo mini ita, na karɓa da hannu biyu ba wanda ya tallafe ni. Ta damƙe ɗan yatsana na tsakiya, ɗaya daga cikin ukun nan, na kuwa ji ɗumin hannunta. Tun ranar bakina bai rufu ba.

Alhamdu lillahi. Issaka, Allah Ya biya ka. Likita da ma'aikatan jinya, Allah Ya saka muku. Fati, ke kin san sauran.

Yanzu ku ji, ku masu injin ban ruwa, masu sayar da mai a kwalba, da masu babur. Wutar esansi, gazuwal (wato dizal) ko kananzir ba a watsa mata ruwa. Ku nemi kwalbar hoda ko ta kumfa, wadda ke da harafin B a jikinta. Mai A kaɗai ta icce da tufafi ce. Ku duba allurarta tana kan kore. Ku rataye ta kusa da ƙofa, nesa da bidon mai. Ku bar inji ya huce kafin ku zuba masa mai. In wutar ta fi ƙarfinku, ku gudu. In mutum ya ƙone, ruwa mai tsabta kawai, sai asibiti.

Wanda bai iya karatu ba ya kawo kwalbarsa in karanta masa. Ba a gida zai same ni ba. Daga Asabar ina bakin kogi, albasata na jiran ruwa.