Rigar Buhu a Jikin Kwala

In ka bi layin masu gyaran waya, ka wuce famfon nan da ba ya kawo ruwa, za ka ga wani ɗan shago da riguna ke rataye a bakin ƙofa cikin leda. Mai shagon wanki da guga yake yi, sunansa Kwala. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, a sakandare ya samo shi, domin tun daga aji ɗaya kwalar rigarsa ba ta taɓa kwanciya ba. Malamai sun ja kunne, sun sa shi yankan ciyawa, amma da sun juya baya sai ta miƙe kamar kunnen kare ya ji motsi.

Kayan makarantar iri ɗaya ne, farar riga da wando ruwan toka. Kwala ya ce ƙarya ne, babu mutum biyu da ke sa su iri ɗaya. Kan dakalin bakin aji yake hakimcewa da safe yana yanke wa bayin Allah hukunci. Mai cusa riga har bel ya hau kan cibiya, shi ke kai gulma ofishin malamai. Mai naɗe hannun riga ba shi da komai sai damtse. Wanda ya jera biro a aljihu kamar ɗan kasuwa, kada ka ɓata bakinka, ba zai ara maka ba. Masu sa kayan yayyensu kuwa 'yan gado ya kira su, ya ce har bulalar da yayan ya sha tana nan a jikin wandon.

Shi nasa wandon yayarsa ke matse masa a kekenta na ɗinki, tana yi tana mita.

"Wata rana za ka sunkuya ɗaukar biro, jama'a su ga abin da ba su nema ba."

"Yaya, ke dai ƙara cin ƙafar nan kaɗan."

Can ƙarƙashin kowa akwai Buhu. Uwarsa ta ɗinka masa kaya a aji ɗaya da niyyar su kai shi ajin ƙarshe, shi kuma ya ƙi girma yadda ta tsara. Kafaɗar riga ta sauko masa damtse, in iska ta taso sai ka ji tsoro kada ta tafi da shi. Kwala ne ya laƙaba masa sunan.

"Buhu, yau ku nawa kuka shigo ciki?"

Aji ya kwashe da dariya, Buhu ya yi murmushi ya nemi wuri ya zauna.

Cikin masu dariyar akwai Farar Safa, wata yarinya da ko da damina safarta fara tas, ba wanda ya san ta inda take bi ta zo makaranta. Don ita kwalar nan take tsaye. Bai taɓa gaya mata ba, yana jiran ranar da zai haɗa kayan da suka dace da maganar, har aka gama makaranta.

Jarrabawar ƙarshe ba ta tambayi yadda ake fitar da karin wando ba, don haka ya fito da abin da ya fito da shi. Ya taɓa tallan takalma, ya taɓa kwandasta, daga baya ya zauna da dutsen guga, wanda shi kaɗai bai taɓa yi masa gardama ba.

Yana zamansa lafiya aka jefa shi gurup ɗin 'yan ajinsu a waya, wai za a yi taron tsofaffin ɗalibai. Nan ya ga abin da ya hana shi cin abinci. Buhu, wanda yanzu firji yake gyarawa, ya sa hotonsa. Yana nan yadda yake, siriri cikin ƙatuwar riga. Amma ashe duniya ta juya, yanzu manyan kaya ake yayi. Wannan ya ce "Oga Buhu, ka haɗu," wancan ya ce "wa ke maka ɗinki?" Farar Safa, da take aiki a kemis, ta jera masa jajayen zukata. Kwala ya sa nasa hoton, wando kamar an shafa masa fenti. Mutum ɗaya ya amsa, shi ma tambaya ya yi ko jini na kaiwa ƙafafunsa.

"Yaya, kin ga zalunci? Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban madubi ba!"

"To ai shi bai motsa ba, yayin ne ya zo ya same shi. Kai da kake bin sa a guje, ina ka kai?"

Ya ƙudurta a ransa ranar taron Farar Safa shi za ta kalla. In buhu ake so, zai nuna musu har buhu akwai wanda ya iya sawa.

Akwai wata tsohuwa da ke kawo masa kayan ɗanta, kullum tana cewa, "Ɗana, ka kula da su, mai su ba ya samun lokaci." A kayan wannan makon akwai wata shuɗiyar riga mai laushi, mai faɗi kamar labule. Kwala ya ɗaga ta, ya karance mai ita tsaf yadda ya saba: ƙaton attajiri ne, mai tumbi, mai wuya ninki-ninki, irin wanda ba zai taɓa taka filin wata sakandare ba. Ya goge ta, ya zura. Kwalarta mai laushi ce, ta ƙi tsayuwa, ya bar ta a kwance, karo na farko a rayuwarsa.

Ranar taron da la'asar ya shiga zauren makarantar, sai ya ga kamar an shanya zannuwan gado. Kowa cikin babbar shat, masu naɗe hannu, masu biro, 'yan gado, duk sun zama abu ɗaya. Ya tsaya kusa da teburin lemo yana gyara tsayuwa. Can sai ga Farar Safa, ta nufo shi kai tsaye.

"Sannu, malam," in ji ta. "Don Allah Kwala bai zo ba? Tun ɗazu nake dubawa. Na ce a raina ko kowa ya canza, shi kam zan gane shi daga nesa."

Ya buɗe baki kenan, wani ya dafa masa kafaɗa. Buhu ne, da murmushin nan nasa.

"Ai ga shi a gabanki."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta rufe baki da hannu.

"Kwala? Kai ne? Haba! Har da kai?"

Ba dariyar mugunta ta yi ba, gara ma a ce ita ce. Kallon da ake yi wa bishiyar ƙofar gida in an dawo daga tafiya an tarar an sare ta, shi ta yi masa. Ta ce ya kyauta da ya zo, ta juya wajen ƙawayenta.

Buhu bai tafi ba. Ya sunkuya yana kallon maɓallin ƙasan rigar, wanda aka ɗinke da jan zare.

"Inna ke nan," ya ce a hankali. "Kowane maɓalli da jan zare, wai shi kaɗai take gani. Ashe kai ne mai gugar da take yabo. Ta yi maka kyau, wallahi. Amma ku nawa kuka shigo ciki?"

Buhu bai gaya wa kowa ba, kuma wannan ya fi komai ƙona wa Kwala rai. Da aka tashi, yana tsaye ya ga Farar Safa ta shiga gaban motar Buhu, wata tsohuwar a-kori-kura da firjin wani ɗaure a baya.

Washegari ya wanke rigar, ya dama sitati mai kauri kamar zai yi gini, ya tsoma kwalar, ya danne ta da dutsen guga har ta tsaya ƙiƙam. Da tsohuwar ta zo karɓa, ta taɓa ta ce, "Ɗana, wannan ai za ta yanke masa kunne."

"Haka ake yayi, Inna."

Bayan kwana biyu Buhu ya sa hoto a gurup, kwala a tsaye har kumatu. Farar Safa ce ta fara magana, ta ce ya tuna mata da makaranta, ta jera zukata.

Kwala yana nan a shagonsa har yau, kwala a miƙe, yana yanke wa masu wucewa hukunci. In ka kai masa riga mai faɗi zai karɓa, amma sai ya tambaye ka sunan mai ita.