Anbubar gidan Batula

Kafin Kawu Haruna ya dawo daga Damazin da murhun gasa nama na gas, wurin zamana a duniya guda ne: gefen daman Kaka, da mafici a hannuna. Bayan magariba takan zauna bakin gadonta na igiya a tsakar gidanmu a Mai Wurno, kanun, wato murhun gawayi, a gabanta, ni ina fifita, tana juya masara tana ba mu tatsuniya. Duk jikokinta sun san wurin nan nawa ne.

Sai ga wannan ƙarfe mai ƙafa huɗu, da tukunyar gas da muke kira anbuba. Kaka ta je gani, ta zauna, ta lura idonta bai yi hawaye ba. Shi ke nan, hira ta koma gidan Kawu. Wutar gas ba ta son fifita, murɗawa kawai ake yi, kuma Batula 'yar Kawu ce mai murɗawa. Ita ta gaje gefen dama, tana wani ɗaga kai kamar ita ta ƙera abin. Ni kuwa can ƙarshen tabarma, kishi yana cina har naman ma ba na jin daɗinsa.

Wata ranar Alhamis ana tsakiyar gashi wutar ta yi ja, ta lanƙwashe, ta mutu. Kawu ya girgiza anbuba, ya kwantar da ita, ya tayar, a banza. Gas ya ƙare, sai an kai ta Sennar a mota an bi layi. Ban taɓa jin daɗin mutuwar wuta irin na ranar ba.

Washegari Kaka ta dawo gidanmu. "Ɗiyata, ina mahucinki? Hura muna, wancan na 'yan birni ya yi halas, ya ƙare."

Na fifita har kafaɗata ta yi tsami. Ta ce, "Ga ta nan tahe, ku tara kunne." Wai Toka da Harshen Wuta 'yan uwa ne, uwarsu Garwashi. Kowa ya shigo gida Harshe yake yabo, ita ke rawa, ita ke haske, Toka kuwa sai a share ta a zubar bayan gida. Alhali Tokar ce ke lulluɓe uwarsu da dare har safe, maƙwabta su zo ɗibar wuta. Ran nan Toka ta yi fushi, ta bi iska ta tafi bakin kogi, ta bar tsohuwa a buɗe, ga hadari ya haɗo.

Nan tari ya sarƙe Kaka. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Hayaƙin ga ya hana ni. Gobe in mun kai."

Goben sai ga Kawu yana gangaro da anbuba cike, yana tura ta da ƙafa. Ya ɗaura tiyo, ya shafa kumfar sabulu a bakinta don ya ga ko tana yoyo, Batula ta murɗa. Kaka ta ƙarasa tatsuniyar a can. Ina ganin bakinta yana motsi, amma tsakanin hucin gas da ƙarar kitse a kan ƙarfe da surutun yara, ko kalma ban tsinta ba. Na roƙe ta daga baya, ta ce ba a maimaita tatsuniya sai shekara ta kewayo. Ba ta kai shekarar ba.

Na daɗe ina ɗauka ni ce Toka, kuma ƙarshen labarin zai rama mini. Sai da na girma, na fara dafa wa nawa 'ya'yan abinci, na gane tsohuwa ba Batula ta zaɓa ba, idonta take lallashi.

Bara na haɗu da Batula a layin gas a Damazin, kowace da anbubarta. Na ce, "Don Allah, Toka ta koma gida kuwa? Uwar ta rayu?"

Ta yi dariya. "Wace Toka? Wallahi ni nama nika kallo kar ya ƙone."

Na dube ta, da furfurarta da tawa, na ji kishin nan ya taso sabo fil. Ita aka ba wurin, kuma ko saurara ba ta yi ba.