Yatsan da Aka Binne da Maigidana

A lokacin ni matar aure ce a wani ƙauye na Durum, na ɗan taɓa lakwal, wato boko, ina ganin na fi kowa wayewa. Da 'yan furoje, masu shirin tallafi, suka zo da na'urar ɗaukar yatsa suka ce duk gidan da ta ɗauka ya rabu da yunwa, ni ce kan gaba wajen murna. Maigidana bai so ba, ya ce bai taɓa ganin kati ya fid da zangarniya ba. Na yi ta yi masa tsiya ina ce masa baƙauye, har ya je ya dangwala yatsa a madadinmu duka, don magidanta kaɗai ake ɗauka.

Damina ba ta yi kyau ba, cikin rani kuma Allah ya karɓi ransa. Ina takaba masu na'urar suka dawo gyaran sunaye. Ni ban fita ba, su ba su shigo ba. Da bazara rumbu ya ƙare, aka soma rabon hatsi, na tafi da katinsa. Yarinyar da ke riƙe da na'urar 'yar ƙawata ce, har gaisuwar mutuwa ta zo min. Na sa yatsa, abu ya ƙi. Maigari ya shaide ni, limamin da ya sallaci mijina ya shaide ni. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, na san ki sarai, amma yatsan Baba take nema."

Aka tura ni meri, ofishin magajin gari, daga can aka ce sai Damagaram, a Damagaram aka ce babu rezo, layin sadarwa ya yanke, in dawo. Ina wannan zirga-zirga yayan mijina ya ce ba zai zuba ido yara su rame a gabansa ba. Ban ga laifinsa ba, amma na sha kuka. Aka raba su, aka kai babbar 'yata Dakusa, maza biyun Birni wurin dangi, aka bar min ta goye.

Na koyi cewa abin da bai san mutuwa ba, bai san takaba ba, ba a jingina masa cikin yara. 'Yan'uwana mata, in aka zo muku da irin wannan, ku tambaya tun da wuri yadda za a yi ran da mai yatsan ya faɗi, kada ku yarda da "sai an gani". Katina ya fito bayan kaka. Na ɗauka na nufi Birni in taho da 'ya'yana, ƙaramin na ganina ya ɓuya bayan matar da ke riƙonsa. Ita yake kira Inna yanzu.