Ziyarar Kaka ta Yini Ɗaya

Shekarar da aka buɗe Ƙofa Mai Tsarki a Rum, wadda Katolika ke zuwa ziyara su shiga don neman gafara, ina sakandare, muna zaune a gidan haya a Unguwar Shanu, mu kaɗai ne 'yan Katolika a gidan. Fada ya sanar a coci cewa wanda ba shi da halin zuwa Rum ya je babban cocin gari, ya shiga ta ƙofar da Bishof ya buɗe, ya furta zunubansa, ladan ɗaya ne. Kakata, wadda ba ta taɓa yin tafiyar da ta wuce daga ƙauyenmu zuwa Kaduna ba, ta dawo gida tana cewa ita ma bana kiranta ya zo.

Hajiyar da ke ɗakin kusa da namu, abokiyar tsokanarta, ta ce, "Tsohuwa, ai mai ziyara ba ya sulalewa haka. Ni da zan tafi Makka sai da na bi maƙwabta na nemi gafara."

Na karanta duk abin da aka rubuta kan shekarar, na san wannan ba ya cikin sharuɗɗa. Amma ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Haka na riƙe mata sanda muka bi ɗaki-ɗaki. A unguwarmu kuwa, irin wannan bankwana sai mai hawa jirgi. Malamin allo ya tambaya ko ta Kano za a tashi ko ta Abuja, Kaka ta ce, "Allah dai ya kai mu lafiya." Matar tela ta ba ta rigar sanyi, wai ta ji Rum akwai ƙanƙara. Kaka ta karɓa da hannu biyu, ni ina kallon ƙasa.

Ranar Asabar muka hau Keke mai ƙafa uku zuwa babban cocin gari. A bakin ƙofar ta cire takalmi, ta dafa katakon, ta shige a hankali tana motsa leɓe. Ta daɗe a durƙushe duk da ciwon gwiwa.

Da muka fito sai ta zauna a kan matakala, ta yi tagumi.

"'Yar nan, da wane ido zan kalli mutane da la'asar? Mu wuce Kinkinau wurin gwaggonki, in ɓuya mako biyu."

"Kaka, yanzu fa kika fito daga furta zunubi," na ce.

Ta harare ni, sai dariya ta ƙwace mata. Muka tsayar da mai baro muka sayi dabino, tunda ba a dawowa hannu rabbana.

Hajiya na tankaɗe a tsakar gida da muka shiga. "Ikon Allah. Jirgin naku ko tsayawa shan mai ba ya yi?"

Kaka ta faɗi gaskiya tana wasa da bakin gyale.

"Kin shiga ƙofar dai?"

"Na shiga."

"Kin sa mu a addu'a?"

"Har da ke, mai baƙin baki."

Hajiya ta kakkaɓe hannu, ta shimfiɗa tabarmar baƙi, ta leƙa ɗakuna tana cewa a fito a yi wa matafiya barka da sauka. Aka kewaye Kaka ana cin dabino, ita kuma ta miƙe ƙafa tana ba da labarin hanya, har da ramin da Keke ya faɗa, ba ta gama ba sai da aka kira magariba.