Sunan da Uwaisu Bai Kira Ba

A Gazara, idan rake ya nuna aka kunna injinan matsa, ma'aikaci ne ke zaɓen ubangida. Aikin mazarƙwaila ya fi hannuwa yawa, ga rana ga wuta, kuma abin da ake biya kusan ɗaya ne ko'ina. Duk da haka rumfar da Malam Uwaisu ke kula da ita ba ta taɓa rasa mutane ba. Injin ba nasa ba ne, na wani alhaji ne mazaunin Zariya da ba ya leƙowa sai an kusa tashi daga aikin shekara. Uwaisu manaja ne kawai, ko da yake shi bai cika son a kira shi haka ba.

Ya shiga sana'ar tun zamanin da doki ke juya injin. Ubangidansa na lokacin yakan zo da yamma ya shafa wuyan dokin, ya tambaya ko an ba shi dusa, sannan ya wuce mutanen da suka wuni a bakin wuta ko sannu babu. Uwaisu ya riƙe abin a ransa. Da aka damƙa masa rumfa, sai ya ɗauki wata al'ada da har yau ake kwaikwayonta ana dariya a majalisa: kowace hantsi yana zagaya ma'aikatansa, ya kira kowa da sunansa, ya faɗi abin da ya gani ya yi daidai, da ƙarfi yadda na nesa zai ji.

"Tanko na Rahama! Wutar nan taka ko ruwa aka yi ba ta san an yi ba."

"Saminu, jiya na ga yadda ka kwance injin nan ka mayar. Makanikan Makarfi su zo su ɗauki darasi."

Tanko mai hura wuta, wanda a gonar kansa sai rana ta take yake fita, a rumfar Uwaisu shi ke riga kowa zuwa. Idan kuwa mutum ya yi ɓarna, ba a jin ta a zagaye. Uwaisu zai ja shi bayan tarin rake, su yi magana ƙasa-ƙasa, su fito kamar sun je duba wani abu. Da rana a kwano ɗaya yake sa hannu da su. Masu wasu rumfunan suna cewa daɗin baki ne kawai, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai su nasu bakin ya kasa tsayar da kowa.

Mutum ɗaya ne zagayen ba ya taɓawa, shi ne Zakiyyu mai dahuwa. Dahuwa ita ce ƙarshen aikin kuma ita ce mai wuya. Ruwan rake yana tafasa a babban kaskon ƙarfe, ana kwashe kumfa, ana juyawa da muciya har ya yi kauri. A sauke da wuri ya ƙi daskarewa, a makara ya yi ɗaci, wahalar kowa ta tashi a banza. Zakiyyu da ido da hanci yake gane lokacin, kuma mazarƙwailarsa takan fito da launin zuma. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, marar yawan magana. Shi ne kuma ɗan farin Uwaisu.

Uwaisu mutumin da ne. Tun ranar suna bai taɓa kiran sunan ɗan nan da bakinsa ba, balle ya yabe shi mutane na ji. Idan zagaye ya iso kaskon ƙarshe, muryar nan da ta cika rumfa sai ta koma ciki. Ya dubi hayaƙi, ya dubi ƙasa, ya ce, "Kai, a kula da kumfa," ya wuce. Ba wanda ya ga laifinsa, don haka kowa ya taso ya gani a gidansu. Sai dai a gidajen ba a jera mutane kullum ana yabonsu ɗaya bayan ɗaya a tsallake mutum guda.

A bara, ana tsakiyar aiki, Alhaji Tukur mai inji a Taba ta ƙasar Kudan ya biyo ta rumfar. Ya ɓalli mazarƙwaila ya ɗanɗana, ya tambayi wanda ya dafa, aka nuna masa. A gaban kowa ya ce, "Zakiyyu, wannan hannu naka baiwa ce." Kafin ya tafi ya ja shi gefe ya ce kaskonsa na jiran mai shi. Zakiyyu ya ce a ba shi zuwa ranar kasuwar Makarfi. Ranar nan an ga Zakiyyu yana murmushi shi kaɗai a bakin wuta, abin da ba a saba gani ba.

Tanko ne ya yi ƙarfin halin tarar Uwaisu, a bayan tarin raken nan da ake yi wa mutane faɗa.

"Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ba ƙarin komai yake nema ba. Sau ɗaya dai ka ce ya iya, muna ji. Wallahi ba inda za shi."

"Ɗan nawa?" in ji Uwaisu. "In tsaya a gaban jama'a da furfurata ina koɗa ɗan cikina? Me za a ce da ni a garin nan? Ai ya san ya iya."

"Mu ma ai mun san mun iya, Malam. Amma kullum kana faɗa mana."

Uwaisu ya juya ya koma rumfa. A gida ya gwada ɗora wa matarsa Mero maganar, yana wanke hannu bayan tuwo. "Wancan naki wai Taba za shi." Mero, wadda ita ma ba ta kiran sunan, ta ce, "Nawa? Naka dai," ta ɗauke kwano ta shige ɗaki. Daga baya aka ce ta yi kuka, amma ba a gabansa ba.

Ana gobe kasuwa Uwaisu ya fito zagaye kamar kullum, sai dai ranar ya ja shi da tsawo. Ya yabi Tanko har da kakansa. Ya yabi masu saran rake, ya yabi Ladan mai zuba ruwan rake a kasko, ya koma kan Saminu karo na biyu. Da yabon ya ƙare ba sauran wanda za a laɓe a bayansa, ya iso kaskon ƙarshe. Saminu ya rage ƙarar injin ba tare da an sa shi ba. Zakiyyu yana zuba dahuwar farko a ƙananan kwanoni, kansa a sunkuye.

Uwaisu ya ɗauki wadda ta huce ya ɓalla, ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa.

"Kai," ya ce.

Zakiyyu ya ɗago kai.

"Itacen nan, a matsar da shi daga bakin murhu."

"To, Baba."

Ya matsar da itacen. Ya ƙarasa aikin ranar, ya kankare kaskon ya wanke shi tas. Da safe ya durƙusa a zaure ya yi sallama, uban ya ce Allah ya ba da sa'a, Allah ya tsare, ya hau mashin ya nufi Taba. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba, kuma duk Juma'a yana zuwa gaisuwa.

Ladan aka ba kaskon. Makonnin farko ya ƙona da yawa, dillalai suka fara taɓe baki, alhajin Zariya ya bugo waya yana tambaya. Uwaisu yakan ja Ladan bayan tarin rake, washegari kuma ya samo abin da zai yaba masa a zagaye. A hankali Ladan ya iya daidai gwargwado, rumfar ta ci gaba da cika. Launin zuman nan dai bai dawo ba.

Bana na haɗu da Uwaisu a kasuwar Makarfi, a layin masu mazarƙwaila. Yana tafe yana duba ta wasu rumfuna kamar yadda masu sana'a kan yi, sai ya tsaya cak a gaban wani tari. Ya ɓalli kaɗan ya ɗanɗana.

"Ta Taba ce, Baba," in ji mai sayarwa.

"Na sani," ya ce. Sai muryar zagaye ta fito masa gaba ɗaya, har na kusa suka waiwayo. "Wanda ya dafa wannan, daga nan har Ikara babu mai kama ƙafarsa. Ni na faɗa, kuma a bakin kasko na tsufa."

"Ashe ka san shi?"

Uwaisu ya tsaya yana juya guntun a hannunsa. Wata mata ta matso tana taya ƙwarya guda, mai sayarwar ya juya wajenta.

"Zakiyyu sunansa," in ji Uwaisu.

Mai sayarwar yana can yana ciniki, bai ji ba.