Ƙafafun Tankin Malam a Kebbe

Ta yaya ƙarfe yake sanin ɗan'uwansa ya taɓa shi? Har yau ban san amsa ba, ko da yake tambayar ce ta kai ni Kebbe.

Mun tashi da asuba daga Tambuwal, ni da jikata mai karatun injiniya, wadda ke rubuta mini wannan. Mutanen wata unguwa a Kebbe suna son sauke ƙaramin tankin ruwansu su ɗora babba a kan ƙafafun ƙarfen da marigayi maigidana Malam ya haɗa da noti, aikinsa na ƙarshe. In ba za su ɗauka ba, za a yanke su a sayar wa 'yan gwangwan. Na ce ƙafata ƙafarta.

Kuɗin mota ya hau, amma direba ya ba ni gaba saboda tsufa. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo. Hanyar kuwa, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati, har wata Bafulatana ta miƙo mini fura, wai in jiƙa maƙoshi kafin rami na gaba.

A mota jikata ta buɗe kwamfuta ta nuna mini ƙafafun, an yanyanka hotonsu ƙanana-ƙanana kamar ragar masunta. Ta ɗora musu nauyi, sai na ga ƙarfe ya ratsa ƙarfe ya wuce kamar aljani.

Na ce, "Ke! Mi kika yi ma aikin Malam?"

Ta yi dariya. "Tsohuwa, kwantar da hankali. Wagga na'ura ba ta san sun taɓa juna ba sai an gaya mata."

Shi ya sa muka zo: ta ga inda suka haɗu da idonta, ko akwai tsatsa ko fenti a tsakani, da yadda kowane noti ya ɗauru.

Da na hango tankin sai hawaye. Na dafa ƙafa ɗaya, da ɗumin rana a jikinta. Jikata ta hau da sifana tana aune-aune, matan unguwa suka shimfiɗa mini tabarma, suka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Kowace ta ce ruwan Malam take sha.

Bayan azahar ta gaya wa na'urar abin da ta gani. Wannan karon ƙarfen bai ratsa ba. Kewayen kowane noti ya yi launi, wai nan ne suka matse juna, suka riƙe nauyin tare. Ta ce za su ɗauka, noti kaɗan kawai za a sauya. Na rangaɗa guɗar da ban yi ba tun kafin takaba.

Mun iso gida kafin magariba, na gaji amma zuciyata fes. Na gane ashe ko ƙarfe ba ya ɗaukar kaya sai ya jingina da wani. Na zauna a bakin gadon Malam ina kuka ina murmushi, don na tuna ranar da zai rasu, idonsa ya riga ya daina gani. Ya lalubo gefen gadon, ya ce:

"Matso ki taɓa ni, in san kina nan."