Bargon Ntate Phafoli

Kowace safiya, kafin hayaƙin girki ya tashi a Ha Sekoati, za ka ga Ntate Phafoli, wato Baba Phafoli a harshenmu, a kan farin dokinsa yana bin falwayoyin wutar lantarki ɗaya bayan ɗaya, kansa a ɗage kamar mai duban sabon wata. Ya sha kununsa a tsaye, igiya a kafaɗa, doguwar sandar kakkaɓe ƙanƙara a hannu. Haka na taso na same shi, haka na tarar da shi da na dawo daga makarantar jinya a Maseru, babban birninmu. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa ba zan bari ya sauka daga dokin nan shiru ba.

Kowa a garinmu ya san dokarsa. Kafin ya hau waya, sai ya je akwatin makunnin da ke bakin gari ya kashe, sannan ya cire bargonsa ya rataya a kai. Kwaɗon kulle akwati daskarewa yake yi a sanyinmu, wani ma fasa shi zai yi da dutse. Amma babu ɗan halak ɗin da zai ɗaga bargon dattijo ba da izininsa ba. Muddin bargon yana wurin, akwai mutum a kan waya. Ma'anarsa ke nan: lokacin da kowa ke ƙara mayafi, shi yake tuɓe nasa.

Yulin bara waccan, tsakiyar hunturunmu, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar garin Mokhotlong, waya ta tsinke a can saman kwazazzabo. A asibitinmu ina da bakwaini, 'yar Tlali makiyayi, tana numfashi da na'urar iska. Farantan sola sun binne, na share su da tsintsiya, amma sama babu rana. Man janareta ya yi kauri kamar koko. Batir kaɗai ya rage, shi ma yana ja da baya.

Ntate Phafoli ya leƙo ta ƙofa, ya dubi jaririyar, ya kira ni ausi, wato 'yar'uwa.

"Ausi Nthati, har yaushe abin naki zai kai?"

"La'asar, Ntate. Idan ya yi mana kara."

"To ki ce masa ya yi. Ni da dokin nan duk tsofaffi ne, ba ma son a hanzarta mu."

Ya rataya bargo a kan akwatin, ya hau dutse da rigar aiki kawai.

Rana ta karkata, na'ura ta fara ƙara. Na manna jaririyar a ƙirjin uwarta, na lulluɓe su. Sai wata mata ta shigo tana haki, ta ce ƙauyen ƙasa sun samu wuta, Tlali kuma ya nufi akwati zai kunna tamu.

Na bi shi da gudu, ƙanƙara har gwiwa. Na tarar da maza sun yi cirko-cirko, hannun Tlali saura kaɗan ya kai ga bargon. Na shiga tsakani.

"Matsa, ausi," in ji shi. "Tsohon nan ya gama tun ɗazu, yana can yana jin ɗumi a bukkar makiyaya."

"Ka gan shi da idonka, abuti?" na ce, don haka muke kiran ɗan'uwa namiji.

"'Yata ce a ciki."

"Na sani. A hannuna ta faɗo duniya."

"Karatun Maseru ne ya koya miki tare wa namiji hanya?"

"Maseru ta koya mini allura. Bargon nan kuwa uwata ce ta koya mini, taka ma ta koya maka. Idan an gyara wayar, zai zo. Idan ba a gyara ba, ka kashe shi a banza, 'yarka kuma ba ta samu komai ba."

Tlali ya zuba mini ido. Bai kuma janye hannun ba. Ƙafafuna sun mutu don sanyi, zuciyata tana can wurin na'urar, ban san ko ina tsare rai ɗaya ne ina sakin wani ba. Amma ban gusa ba. Mu matan dutse ba a ture mu da ido.

Dokin muka fara gani, sannan Ntate Phafoli a bayansa, riƙe da jelarsa, gemunsa fari fat da ƙanƙara. Ya iso, ya miƙa hannu zai kunna, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Da haƙori ya janyo bargon. Ya dubi Tlali.

"Tun ɗazu hannunka ke ƙaiƙayi, ɗana. Ja makunnin."

Tlali ya ja yana kuka. Fitilar asibiti ta kama.

Ntate, kai ne wanda ba ka taɓa ba da wannan labari ba. Kai ne ka rasa kan yatsunka a ranar, ka ce wai dama sun yi maka yawa. Bango madafar bayi, sanyi ya san ka, bai taɓa kayar da kai ba.

Masu manyan taruka suna ta musu kan inda za a samo wuta, wasu rana, wasu iska, wasu ruwan madatsun da ke cikin duwatsunmu. Ina son su duka, a kawo mana, haƙƙinmu ne. Masu cewa mu sauko ƙasa in muna son wuta mai ɗorewa kuwa, su ji da kyau: ba za mu sauko ba. Sai dai ko daga ina wutar ta fito, ranar da sama ta rufe, dole wani ya bi waya a ƙafa.

Mun gode, Ntate Phafoli. 'Yar Tlali tana tafiya yanzu, har ta fara jan jelar dokinka. Je ka huta kusa da murhu, ka yafa bargonka. Ku kuma samari da 'yan matan Ha Sekoati, sanyi na tafe, akwatin nan kuwa babu bargo a kansa. Wa zai cire nasa?